Rigar fam 130 da karnukan tekun Farne

Ana saukowa daga Juma'a a Lesta na wuce gida da sauri, don mutanen da za su ɗauke ni ba su san "ga ni nan zuwa" ba. Sun ce ƙarfe uku, uku saura minti biyu ƙaramar bas ɗinsu tana ƙofar gida. Mu huɗu ne: malamar da ta koya mini nutso, wata dattijuwa da ta ba sittin baya, da mijinta da ke tuƙi, da wani saurayi ɗan ƙasar Folan da muka fara koyo tare, sai ni. Bayan motar maƙil da tukwanen iska da dalma da jakunkuna. Jakar rigar nutsona ce kawai ban yarda a ɗora mata komai ba, a cinya na rungume ta har muka hau titin M1. Mijin malama ya leƙo ta madubi ya ce ko jariri ne a ciki. Na ce a'a, amma wahalar da na sha a kanta ta kai ta goyo.

Seahouses muka nufa, wani ƙauyen masunta a gaɓar Northumberland, can arewa maso gabashin Ingila, ba nisa da iyakar Sikotilan. Daga nan ake hawa jirgi zuwa tsibiran Farne. Tafiyar awa huɗu ce da ɗoriya in titi ya yi kyau, ranar Juma'a da yamma kuwa titin Ingila ba ya kyau. Tsakiyar Satumba ne, kuma ranar farko ke nan da zan shiga teku. Duk nutson da na yi a baya a tafkin wanka ne da wani tsohon ramin fasa dutse.

Ni Bakano ne, kuma a gidanmu ruwa abokin gaba ne. Akwai kududdufi a bayan unguwarmu da ba ya cika tsallake damina bai ci yaro ba, shi ya sa Hajiya ta kafa doka: duk wanda aka gani a bakinsa, ko ɗan yatsa bai tsoma ba, zai sha dorina. Haka na girma ban iya iyo ba. Sai da aiki ya kawo ni Ingila, ina da shekara 34, na cire kunya na shiga ajin koyon iyo na manya. Wani dare muna tashi na ga kumfa tana ɓulɓulowa daga ɓangaren tafkin mai zurfi. Na leƙa, sai ga mutane shida a durƙushe a ƙasan ruwa, suna zaune abinsu kamar masu jiran a kawo tuwo. Na tsaya kallo har mai gadi ya ce zai rufe ƙofa.

Ashe mutanen nan 'yan wani reshe ne na BSAC, ƙungiyar masu nutso ta Biritaniya da aka kafa a 1953, wadda malamanta a rassa 'yan sa-kai ne. Ɗaya hanyar ita ce PADI, ta Amurka, da aka kafa a 1966, wadda ake yi a shaguna da makarantu a gama cikin 'yan kwanaki. Takardar farko ta BSAC tana ba mutum izinin kaiwa mita 20, ta PADI mita 18, kuma duka sai ka ci gwajin iyo kafin su ba ka ita. Na zaɓi ƙungiya don ta fi sauƙin kuɗi, ga kayan aro, ga mutanen da za ka yi ta damu da tambaya ba su gaji ba. Aibinta jinkiri: abin da wani zai gama a mako guda a Bahar Maliya ni wata biyar ya ɗauke ni.

Kafin a ba ni ko gilashin fuska sai da na cike takardar lafiya, kuma a nan na ga tambayar da ta shafe mu fiye da Turawan da ke ajin. Bayan asma da farfaɗiya da ciwon zuciya da na kunne, akwai sikila. Mai SS likitocin nutso ba sa barinsa. Ni AS ne, sai da na je wurin likitan da ya san harkar ya duba ni ya sa hannu. Wanda ya ɓoye wannan don kada a hana shi, kansa ya cuta.

Darasin farko da malama ta dasa mana, ta kuma maimaita har muka gaji da ji, shi ne kada ka taɓa riƙe numfashi. Kowace mita 10 da ka nutsa, ruwa yana ƙara maka matsi daidai da nauyin duk iskar da ke kanka a tudu. Ta kawo balan-balan ta nuna mana: wanda aka hura a sama, in ya kai mita 10 sai ya koma rabinsa, wanda aka cika a can ƙasa kuwa kafin ya iso sama ya ninka biyu. Ta ɗora hannu a ƙirjinta ta ce nan ma balan-balan ne. Tukunyar da muke goyawa, wadda mutanen gida ke ce wa ta oksijin, iskar da kowa ke shaƙa ce aka matse, lita 12 a kan ma'aunin matsi 232, kuma doka ce ka dawo sama da aƙalla 50 a ciki. Kunne kuma tun a mita biyu yake fara ƙorafi, sai ka toshe hanci ka hura a hankali tun kafin ya yi zafi. Mai mura ya zauna a gida.

Ƙananan abubuwa ne suka fi ba ni kunya. Ranar farko malama ta tambaye ni da hannu ko lafiya, na ɗaga mata babban yatsa, ta kama ni ta fito da ni sama. Ashe a cikin ruwa wannan alamar "mu hau" take nufi, "lafiya lau" sai ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe. Gilashin fuskata kuma kullum cike da ruwa saboda gashin baki. Gemuna ban taɓa shi ba, amma layin da ke ƙarƙashin hanci dole ya sha reza.

Sai maganar sanyi, wadda ita ce ta kai ni ga rigar. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska sau 20 da wani abu. A Kano in hunturu ya sauko da ma'auni zuwa digiri 12 ko 13, wuta ake hurawa a ƙofar gida, yara su ƙi wanka. Ramin da muke koyo a cikinsa kuwa a watan Maris digiri 6 yake, kuma jikinka gaba ɗaya za ka tsoma. Rigar nutso iri biyu ce. Akwai jiƙaƙƙiya, wadda ke barin ruwa kaɗan ya shiga jikinka ya ɗumama shi, ita ake sawa a ƙasashe masu zafi irin Masar. Akwai busasshiya, wadda Turawa ke kira dirai-sut, mai roba a wuya da wuyan hannu da zif na musamman, ta yadda kake shiga da kayan sanyinka ka fito da su a bushe. A Biritaniya kusan duk mai nutso da gaske busasshiya yake sawa.

Na leƙa shago na ga farashi, na fito ina salati. Mafi arahar sabuwa ta haura fam 500, masu suna irin Santi ta Folan har sun wuce 2,000. A daren na hau wani shafin saye da sayarwa na intanet, na ga wata a kan fam 130. Mai ita ya rubuta cewa sau goma kawai ta shiga ruwa. Muka haɗu a filin ajiye motoci na wani kanti, magariba ta kawo kai, yayyafi na sauka. Ya buɗe but ya ɗaga ta, na shafa, na ji kauri, na biya. Ban saka ba, ban ja zif ɗin ba, ban ma lura mutumin ya fi ni tsawo da kusan taki guda ba. Na dawo gida ina jin na yi wa Turawa wayo. Malama kuwa ban gaya mata ba, don na san za ta hana.

Stoney Cove sunan ramin, kusa da ƙauyen Stoney Stanton, tafiyar minti 20 da 'yan kai daga Lesta. Dutse ake fasawa a wurin har zuwa 1958, da aka daina ruwan ƙasa ya cika shi. Yanzu yana cikin manyan wuraren koyon nutso a ƙasar, da hawa uku: mita 7, mita 22, da mita 36. Sun nutsar da abubuwa a ciki don masu koyo su sami abin gani, har da kan jirgin sama da wani jirgin ruwa mai suna Stanegarth, ƙirar 1910, da aka nutsar a shekarar 2000. Da na fara ganin wurin dariya ta kama ni. Kududdufi ne, sai dai na Turawa, mai ƙofar shiga da wurin shan shayi. Na ce a raina da Hajiya za ta ga inda dokarta ta ƙare.

Da na fito daga bayan mota a cikin rigar, malama ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ƙafafun sun yi mini yawa sun taru a gwiwa, takalman da ke haɗe da ita lamba 46 ne ni kuwa 42 nake sawa. Ta tambayi inda na samo, na faɗa. Ta ce to, mita 7 kawai, kuma ina kusa da ita.

Minti biyar na farko lafiya. Muna dab da kan jirgin saman nan ne na ji wani siririn layi mai sanyi ya ratsa bayana daga kafaɗa zuwa kafaɗa, kamar an ja mini ƙanƙara da gangan. Na ce ko zufa ce. Layin ya gangara ƙugu, ya raba biyu, ya bi cinyoyi. Kafin minti goma ina jin ruwa yana kai-kawo a tsakanin yatsun ƙafata, numfashina ya koma gajere, hannuna ya ƙi kama bawul ɗin ƙirji da ke sa iska a rigar. Na karkaɗa mata tafin hannu, alamar akwai matsala, na rungume kafaɗuna. Ba ta ɓata lokaci ba ta ɗaga babban yatsa, wannan karon na gane. Da na hau matakala, ƙafafun rigar sun cika tim kamar salka biyu, sai da mutum biyu suka ja ni. Haƙorana na kaɗawa har na ciji harshe. Ta zuba mini shayi a murfin fulas, ba ta ce uffan ba sai da hannuna ya iya riƙe shi ba tare da ya zube ba. Sannan ta ce in kawo rigar gidanta ranar Lahadi.

A garejinsu na ga abin da na sani tun ina yaro. Mijinta ya cusa ƙwallo a wuyan rigar, ya toshe hannuwan da kwalabe, ya haɗa tiyo ya hura ta har ta miƙe a ƙasa kamar mutum ya kwanta. Ya ɗauko ruwan sabulu ya fesa. Aikin mai faci ne sak, yadda ake neman huda a tib ɗin keke a bakin titi. Wuri uku a jikin zif ɗin suka yi ta tofar da kumfa. Ya buɗe shi a gaban fitila ya nuna mini haƙora biyu da suka karkace da gefen da ya zare. Ya ja robar wuya, sai ga tsagu ƙanana birjik, gefe guda kuma ta yi danƙo tana manne wa yatsa. Ya ɗauki biro ya yi lissafi a bayan ambulan: canjin zif kaɗai ya fi kuɗin da na sayi rigar, ga robar wuya, ga ta hannuwa, ga takalma. Jimilla ta haura fam 400, kuma bayan duk wannan rigar wani ce, ba za ta taɓa zama daidai jikina ba. Saurayin nan ɗan Folan ya ce in mayar da ita intanet in sayar. Na yi tunanin wani zai ji layin nan a bayansa, wataƙila a mita 20, na kasa. Yanka ta muka yi, ƙungiya tana faci da ita har yau.

Shawarar malama ɗaya ce: kada in sake sayen komai sai na yi wata uku ina aro. Zif shi ne ran rigar, inji ta, shi ake fara dubawa, shi ya fi komai tsadar gyara. Roba abar canjawa ce kamar tayar mota, kada tsagewarta ta hana ka saye, a rage maka kuɗinta kawai. Girma kuwa ba ya gyaruwa da arha.

A wata ukun nan na saka riguna biyar. Iri biyu ne a taƙaice. Akwai ta roba mai soso, wato niyofirin, mai kauri da ɗumi da kanta, tana bin jiki, amma nauyi gare ta, ba ta bushewa da wuri, kuma in ba matsattsiya aka saya ba tana ƙara sirancewa in an yi zurfi. Akwai kuma mai falle uku, siririya kamar tamfol, wadda ba ta da ɗumi ko kaɗan, duk ɗuminka daga kayan da ka sa a ciki yake. Ɗan Folan na farkon ya so, ni na biyun. Dalilina na talaka ne: riga ɗaya ta ishe ni rani da hunturu, kayan ciki kawai zan canja, kuma a ɗan falon da muke haya ba ni da inda zan shanya abin da zai kwana biyu yana ɗiga. Gwajin girma kuma da kayan cikin ake yinsa. Ka tsuguna, ka ɗaga gwiwa, ka miƙa hannuwa sama, ka kai hannu ƙeya kamar za ka taɓa kan tukunya. In ta ja ka a gaba ta yi kaɗan. In ta taru a ƙafa ta yi yawa, kuma wannan yawan haɗari ne, zan zo kansa.

Na kuma gano abin da ke sa farashi tashi galibi ba shi ke hana ruwa shiga ba. Aljihu, zif na gaba da kake ja da kanka, zoben da ke ba ka damar canja roba a bakin ruwa, launi, suna a ƙirji, duk daɗi ne, amma mai koyo zai rayu babu su. Akwai kamfanonin cikin gida da ke ɗinka riga, irin Otter a Bradford, da O'Three a Portland, da Northern Diver kusa da Wigan, da Typhoon a Redcar, kuma wasunsu suna auna mutum su ɗinka daidai jikinsa kamar telan unguwa. Wanda jikinsa bai bi ma'aunin kanti ba, wannan ta fi masa. Abin da mutane ke mantawa a lissafi shi ne kayan ciki. Na taɓa sa singiletin auduga a ƙarƙashi, na yi zufa wajen ɗaukar kaya, na shiga ruwa zufar ta huce a jikina, na fito ina rantsuwa rigar ta yoyo alhali lafiyarta ƙalau. Auduga tana riƙe ruwa. Ulu ko yadin roba mai zuƙe zufa ake sawa.

Rigar da nake rungume da ita a motar daga hannun wani ɗan ƙungiya ta fito, wanda ciwon baya ya sa ya ajiye nutso. Tsawonmu ɗaya, ƙafarmu ɗaya. Ya bar ni na shiga tafki da ita sau biyu, aka yi mata gwajin sabulu, sannan na biya fam 280, na ƙara 45 aka sa sabuwar robar wuya. Ita ma robar da karatunta. Tana zuwa a matse, da zobba a jikinta, ana yanke ɗaya bayan ɗaya da almakashi mai kaifi har ta zauna. In ta matse da yawa tana danne jijiyoyin wuya mutum ya ji jiri, in ka zarce da yanka kuma ka yi asarar ta. Dare uku na yi ina zama a falo da ita a wuya ina kallon labarai, uwargida tana wucewa tana girgiza kai.

Sakawa daban, iya amfani da ita daban. Iskar da ke cikin rigar ita ma balan-balan ce. In kana sauka ba ka danna bawul ɗin ƙirji ka ƙara iska ba, rigar tana tsuke ka, ka fito da shaida a jiki kamar wanda aka zane da tsumagiya. In kana hawa kuma iskar tana kumbura, sai ka ɗaga kafaɗar hagu ta fita ta ɗaya bawul ɗin. Abin tsoron shi ne ƙafa ta fi kai tsawo, iskar ta gudu ta taru a can inda babu mafita, ta ɗauke ka sama a kife. Hawa da gudu kuwa shi ke sa nitirojin da ya narke a jini ya yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemo da aka girgiza. Nan ne riga mai yawan ƙafa take cutarwa, don takalmin iyo ma fita yake. Malama ta sa mu mun yi ta kifewa a tafki da gangan, mu dunƙule, mu yi alkafura, mu saki iska, har abin ya zama jiki.

Duk wannan nake juyawa a raina har muka iso Gateshead, dab da Niyukasul, inda mutum-mutumin ƙarfen nan da suke kira Mala'ikan Arewa yake tsaye a gefen titin A1 tun 1998, fukafukansa a buɗe faɗin mita 54. Mijin malama ya ce tsayinsa mita 20. Na ɗaga kai na bi shi da kallo daga ƙafa zuwa ka, na tuna iyakar takardata ke nan, wannan tsayin duka ruwa a kaina. Cikina ya ɗan juya. Mun shiga Seahouses da duhu, muka ci soyayyen kifi da dankali a takarda, muka kwanta a wani masauki mai gadaje hawa biyu.

Da safe iska ta kwanta. Daga tashar jiragen ana hango ganuwar Bamburgh a kan dutsenta ta arewa, tsibiran kuma baƙaƙe a shimfiɗe a gabas. Direban jirgin bai da yawan magana. Ya ce ruwa a nan yana gudu in lokacinsa ya yi, kowane mutum biyu su riƙe balan-balan ɗin alama da za su sako sama kafin su hau, in ba haka ba zai neme su a ƙasar Nowe. Da muka kusa tsibirin Longstone mai hasumiyar fitila ja da fari, ya nuna da haɓa ya ba mu labarin Grace Darling, 'yar mai kula da fitilar. A Satumban 1838 jirgin Forfarshire ya fashe a kan duwatsun nan, ita da mahaifinta suka fita cikin hadari da ɗan kwalekwale, aka ceto mutum tara. Shekararta 22 a lokacin. Na dubi ruwan, na dubi rigata mai bawul biyu.

Wari ne ya fara sanar da mu mun iso, warin kifi da ya kwana. Sai ga su a kan duwatsu, ɗaruruwa, a kwance kamar buhunan hatsi. Dabbar da Turawa ke kira sil ce, ni karen teku na sa mata, don fuskar ta kare ce sak, har da gashin baki. Manyan mazan sun haura kilo 200. A tsibiran nan ana haifar 'ya'yansu fiye da 2,000 duk shekara, daga Oktoba zuwa Disamba. Malama ta ce kada mu bi su, kada mu kai hannu, dabbar daji ce mai haƙora. Wanda ya yi kamar bai damu da su ba, shi suke zuwa wa.

Ɗan Folan ya ja mini zif, na sa shi ya sake dubawa, na sake sa shi. Na yi bisimilla na taka iska. Digiri 13. Sanyin ya mari kumatuna da leɓɓana, ya tsaya a nan. Muna sauka ina jiran layin nan a bayana, mita 5, mita 8, mita 12, ina danna bawul kaɗan-kaɗan, shiru. Sai a lokacin na buɗe ido na ga inda nake. Ganyayen teku masu faɗi, launin ƙasa-ƙasa, suna rausaya gaba ɗaya kamar gonar dawa a iska. Ƙasa da su bangon dutse ya lulluɓe da wasu fararen halittu masu laushi kamar yatsu. Wata ƙaguwa ta ja da baya cikin rami tana nuna mini almakashinta.

Na ji an ja ƙafata ta dama. Na zaci ɗan Folan ne, na juya, ga shi can gefe yana dariya har kumfa na fita ta gefen bakinsa. Wata matashiyar karen teku ce ta kama bakin takalmin iyona tana ja a hankali, kamar ɗan kwikwiyo da silifa. Da ta ga na gan ta sai ta saki, ta yi juyi ɗaya ta ɓace, ta ɓullo ta hagu. Ta tsaya a gabana, tazarar kamu biyu, idanunta manya baƙaƙe, gashin bakinta fari yana motsi ɗaya-ɗaya. Ta matso ta shinshina gilashina. Sannan ta sunkuya ta buɗe baki ta ɗora haƙoranta a kan hannun rigata, daidai gwiwar hannu. Gaskiya ba hannuna na tuna ba. Fam 280 na tuna, da 45 na roba. Na ƙame ina fitar da numfashi a hankali, ina roƙon ta a zuci. Ta ɗan latsa, ta ji ba abin ci ba ne, ta saki ta koma wajen takalmin.

Mai koyo iska yake sha kamar ba gobe. Minti 35 allurar ma'aunin tukunyata ta sauko 60, alhali malama ko rabin tata ba ta taɓa ba. Ta sako balan-balan, muka bi igiya a hankali, muka tsaya minti uku a mita 6, bawul ɗin kafaɗata yana tsiyayar da kumfa. 'Yar karen ta biyo mu har nan tana kewaya igiyar.

A kan jirgi aka buɗe mini zif, na zura hannu ciki na shafa ƙirji, na shafa baya, na shafa cinya. A bushe. Wuyan hannun dama ne kawai ya ɗan yi laima, malama ta ce jijiya ce ke buɗe hanya in mutum ya dunƙule hannu da ƙarfi, kuma ta ga lokacin da na dunƙule. Abin da ba wanda ya gaya mini tun farko shi ne maganar fitsari. Sanyi yana tara shi, ga kofin shayi biyu da na sha, ga riga da sai wani ya buɗe maka. Kuma ba a ƙin shan ruwa don gudun haka, ƙishirwa tana ƙara haɗarin ciwon kumfar nan. Layin bayin jirgin ya fi layin shayi tsawo. Amma bayan nutso na biyu, da muka dawo tasha, na tuɓe rigar na shimfiɗa darduma a bayan bas na yi sallah da kayan da na shiga teku da su.

Kafin mu kama hanya ranar Lahadi na bi ƙamshin hayaƙi har wani tsohon gidan banda a cikin ƙauyen, inda suke tsaga kifi su rataye a kan hayaƙin itace. Ƙamshin ya kai ni layin masu bandar Baga a Sabon Gari. Na sayi ƙulli biyu. Na wanke rigar da ruwan famfo, na goga wa zif kakin zuma, na barbaɗa wa robobin hoda, na naɗe ta zif a buɗe yadda ba zai karye ba. A gwiwar hannu akwai ɗigo huɗu ƙanana inda haƙoran suka zauna, ba su huda ba.

Muna wuce Niyukasul na kira Hajiya. Na daɗe ina ɓoye mata, ranar na faɗa. Ta yi shiru, ta yi salati, ta ce, "Yanzu duk dukan da na yi maka a banza ke nan?" Na ce, "Hajiya, ko jiƙewa ban yi ba." Ta ce in bar zancen banza, wa ya taɓa shiga teku bai jiƙe ba. Can ta sassauta murya ta tambaya ko na kamo kifi. Na dubi ƙullin da ke kan cinyata a saman jakar rigar, na ce akwai guda biyu, har an banda su.